Kurakuran da Aka Fi Yi Kan Sirrin Baƙo a Gidajen Hayar 'Yan Kwanaki

Hayar gida ta 'yan kwanaki, wadda mutum zai biya kuɗin kwana uku ko mako guda ya karɓi gida da kujerunsa da gadajensa da tukwanensa, ta zama babbar sana'a a Maitama da Wuse 2 da Jabi da Gwarinpa a Abuja, haka kuma a Lekki da Ikoyi da Victoria Island a Legas, musamman a watan Disamba da 'yan ƙasar waje ke dawowa hutu. Wasu suna kama gidan ta manhajar Airbnb, wadda aka kafa a San Francisco a 2008, wasu kuma ta hannun dillali da saƙon WhatsApp. A abin da na lura da shi, rigimar da ta fi barin tabo tsakanin mai gida da baƙo ba ta kuɗi ba ce, domin kuɗi ana iya mayarwa. Rigimar wanda ke da ikon buɗe ƙofa ce, da wanda ke ganin abin da ake yi a bayanta.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne mai gida ya ci gaba da ɗaukar kansa a matsayin mai gida bayan ya miƙa makulli. Gini nasa ne, babu mai ja, amma zaman da ke cikinsa ya sayar da shi na waɗannan kwanaki, kuma sirri yana cikin abin da aka biya, ko da ba a rubuta shi a rasit ba. Mun taɓa kama gida mai ɗaki uku a Abuja don bikin ɗiyar yayata. A rana ta biyu, bayan azahar, mata suna zaune a falo sun ajiye mayafai, an yi musu lalle, hannuwa da ƙafafu duk a naɗe cikin leda ana jiran ƙunshi ya kama, sai aka ji makulli yana juyawa daga waje. Mai kula da gidan ne ya turo ƙofa, bayansa mai gyaran esi ɗauke da tsani. Gwaggonmu ta fizgi mayafin tebur ta lulluɓe kanta, lallen hannu guda ya dame, shi kuwa abin da ya iya faɗa kawai shi ne: "Hajiya, ku yi haƙuri, Oga ne ya ce a duba esin ɗakin tsakiya." Babu wanda ya kai ƙorafin esin a cikinmu, lokacin wanke shi ne ya zo a lissafinsu. Mutumin bai zo da mugun nufi ba, kuma wannan ne ya sa irin kuskuren nan yake yawa, saboda mai yin sa bai san ya yi laifi ba.

Abin mamaki, Bahaushe ba baƙon wannan doka ba ne. Wanda ya tashi a gida mai zaure ya san inda namiji baƙo yake tsayawa, ya san rubutun "ba shiga" a jikin bango. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidajen da ba namu ba sai an nemi izini an yi sallama, aya ta 58 kuma ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini, wato kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i. Hadisi ya ƙayyade neman izini sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya. Dokar Airbnb ga masu ba da gidaje ma ba ta yi nisa da haka ba, domin ta taƙaita shigar mai gida ga hali biyu, ko dai baƙon ya ba da izini ƙarara, ko kuma akwai larura ta gaggawa. Gyaran wannan kuskure shi ne a aika saƙo a rubuce tun ana gobe, a faɗi wanda zai zo da aikin da zai yi da lokacin da zai iso, sannan a jira amsa. Shirun baƙo ba izini ba ne. In ya amsa, ranar zuwan ma sai an ƙwanƙwasa an jira, a bar makulli a aljihu, kuma in mata ne kaɗai a gidan ya kamata a tambaye su ko sun fi son a jira namijinsu ya dawo.

Daga nan sai kuskuren faɗaɗa ma'anar gaggawa har ta haɗiye komai. Gaggawa ita ce hayaƙi yana fitowa ta taga, ko warin gas ya cika baranda, ko bututu ya fashe ruwa yana zuba wa na ƙasa, ko an ji ihun neman taimako. Baƙo ya fita ya bar esi a kunne yana cinye kuɗin mita abin haushi ne, amma maganinsa kiran waya ne. Haka nan zagayawa da sabon mai son kama gida don ya ga ɗakuna, wanda dillalai suka fi kowa yi, ba shi da wani uzuri muddin akwatin wani yana buɗe a kan gado. Ko a gaggawar gaske, sai a kira baƙon ana kan hanyar shiga, a tafi da shaida, bayan an fito kuma a rubuta masa abin da aka taɓa da abin da aka kashe.

Da yawa daga cikin shige-da-ficen nan tsarin gidan ne yake jawo su, kuma a nan ne mai hankali yake kashe kuɗinsa sau ɗaya ya huta. In mitar wuta da abin sauya layi zuwa janareta da makunnin famfon rijiyar burtsatse suna cikin kicin, to dole wani ya riƙa shiga kullum. A fitar da su waje, ko a koya wa baƙon yadda ake sarrafa su ranar da ya iso. Haka ma ɗakin ajiyar da wasu ke kullewa a cikin gidan, su zuba zannuwan gado da kayansu na kansu, sai ya zama dalilin "zan ɗan ɗauki wani abu ne kawai" sau uku a mako.

Batun safayar makulli kuwa, tambaya ɗaya ce take tona asiri: guda nawa ne, kuma a hannun wa? Mai gida yana da ɗaya, mai kula da gida yana da ɗaya, mai shara da maigadi da dillali kowa da nasa, ban da baƙin baya da babu abin da ya hana wani daga cikinsu yanko kwafi a kasuwa. Makullin lamba ya rage wannan matsala matuƙar ana sauya lambar bayan kowane baƙo, amma wanda ya shekara da lamba ɗaya bai fi mai rataye makulli a ƙusa ba. Abin da ya fi komai arha kuma ya fi kwantar da hankali shi ne sakata ta ciki, wadda ba a iya buɗewa daga waje. Mai gidan da ya ƙi sa sakata wai don kada a ɓata masa ƙofa, a ganina, ya fifita fenti a kan barcin baƙonsa.

Kamarar tsaro ce wurin da aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya, kuma wurin da ɓarnar ta fi muni. Mai gida yana tsoron a sace masa talabijin ko a mai da falonsa wurin casu, sai ya maƙala kamara a kusurwa, ya ce ai falo ne, ba ɗakin kwana ba. Airbnb ita kanta ta daɗe tana yarda da wannan hujja, da sharaɗin a bayyana kamarar kuma kada ta kasance a ɗakin kwana ko banɗaki. A watan Maris na 2024 ta janye, ta sanar da haramta kowace irin kamara a cikin gida a duk faɗin duniya daga 30 ga Afrilu na shekarar, ko an bayyana ta ko ba a bayyana ba. Abin da ya rage shi ne kamarar waje da ta bakin ƙofa, su ma sai an faɗi inda suke kafin a kama gidan, kuma ba a yarda su leƙa ciki ba. Na'urar auna ƙarfin hayaniya, wadda ba ta naɗar magana, an bar ta da sharaɗin sanarwa. Dalilin wannan tsauri ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya bi labarai. A 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu sun kama wasu mutane da suka dasa ƙananan kamarori a ɗakuna 42 na masaukai 30, cikin soket da akwatin talabijin da mariƙin na'urar busar da gashi, suka ɗauki baƙi kusan 1,600 suna watsa su kai tsaye ga masu biyan kuɗi. A shekarar ce kuma wani iyali daga New Zealand da suka sauka a wani gida a Cork ta ƙasar Ireland suka gano kamara a ɓoye a rufin falo, bayan uban ya binciki na'urorin da ke kan intanet ɗin gidan.

Gidan da aka kama ta hannun dillali dokar wata manhaja ba ta hau kansa ba, amma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da saƙonninsa. Sannan falon da mai gida yake kira wurin kowa, a wurin iyalin da suka biya kuɗi nan ne ake shayar da jariri, nan ne mace ke zama babu ɗankwali. Mai tsoron ɓarna yana da hanyoyin da ba su taɓa mutuncin kowa ba: kuɗin ajiya da za a mayar in an fita lafiya, da jerin kayan gida da za a duba tare a sa hannu, da hotunan ɗakuna kafin shiga da bayan fita. Cire wayar kamarar a bar ta a bango ma bai wadatar ba, domin baƙo ba shi da hanyar tabbatarwa. A kwance ta gaba ɗaya.

Akwai kuma sa-idon da ba ya buƙatar na'ura. Maigadin da aka umarta ya riƙa kai rahoton wanda ya shiga da wanda ya fita da ƙarfe nawa aka dawo, ya zama ɗan leƙen asiri, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane. Mai gida yana da haƙƙin ƙayyade adadin masu kwana, ya hana taron casu, har ya ce ba ya karɓar namiji da mace sai ma'aurata, amma wurin faɗin wannan shi ne kafin a biya kuɗi, a rubuce. Wanda ya karɓi kuɗi shiru sannan ya aiko da saƙon "wace ce ta shigo jiya da dare?" ya makara, kuma sau da yawa zai tarar ƙanwar mutumin ce.

Katin shaida ma amana ne da ake wasa da ita. An saba a ce baƙo ya turo hoton fasfo ko takardar NIN ta WhatsApp, daga nan hoton ya wuce wayar dillali, ya wuce ta mai kula da gida, ya zauna shekaru. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ginu ne a kan cewa a karɓi iya abin da ake buƙata, don wata manufa sananniya, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin buƙatarsa. Mutum ɗaya ya duba katin, ya ajiye shi a wuri ɗaya, ya goge bayan an rabu lafiya. Mafi muni shi ne mai gidan da ya fusata kan ɓarna ya ɗora katin baƙo ko hotonsa a Facebook don ya kunyata shi, domin daga mai ƙara sai ya koma wanda ake ƙara.

Shi ma baƙo yana da nasa sakacin. Na farko shi ne jin nauyin tambaya, alhali tambayoyi uku kafin a tura kuɗi sun isa: akwai kamara, kuma a ina take, wa ke da makulli bayan ni, yaushe mai shara ke zuwa. A nemi amsar a rubuce. In an shiga, minti goma sun isa a kashe fitilu a haska tocilar waya a kan agogo da soket da cajar da aka tarar a jone da na'urar gano hayaƙi, musamman waɗanda ke fuskantar gado, domin gilashin kamara yana mayar da haske. Kamarar gaba ta wasu wayoyi tana ganin hasken da kamara mai gani a duhu ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, kuma ana iya gwada ta da rimot ɗin talabijin tukuna. Manhajar binciken na'urorin da ke kan intanet ɗin gida tana taimakawa, sai dai ba ta ganin kamarar da ke naɗa a kan katin ajiya. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba kada ya fasa shi ko ya cire shi; ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya fitar da iyalinsa, ya sanar da manhajar in ta nan ya kama, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda.

Ɗaya sakacin shi ne wuce iyaka ta ɓangarensa: hana mai gyaran famfo shiga alhali ruwa yana lalata silin na ƙasa, ko ba wa abokai lambar ƙofa, ko ƙin fita a kan lokaci sannan a yi fushi don mai shara ta ƙwanƙwasa. Ranar tafiya kuma a tuna a fita daga asusun Netflix da YouTube da aka shiga a talabijin ɗin gidan, a kwashe takardun asibiti da rasit ɗin banki daga durowa. Abin da aka manta, mai gida ya sa shi a leda ya rubuta kwanan wata ya kira mai shi, ba tare da ya buɗe jaka ko ya kunna waya ba, sannan ya sauya lambar ƙofa kafin na gaba ya iso.