Yadda Ake Koyon Ɗinkin Kayan Fim Na Tarihi

Shekarun baya wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Katsina ta kawo mani aiki. Wasa ne a kan zamanin da Turawa ba su zo ba, ana son rigunan sarki da na fadawansa. Na sayo shadda mai tsada, na kai aka zuba mata surfanin keke, na sa wa wanduna zif don 'yan wasa su ji sauƙin canzawa. Ranar gwaji wani dattijo a unguwarmu, wanda ya tsufa a kan ɗinkin hannu, ya kama gefen rigar sarkin ya murza tsakanin yatsunsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, ɗinki ya yi kyau, amma wagga riga ba ta san wancan zamani ba. Ina ƙwaryarta?" Na ce, "Baba, a koya mani." Ƙwaryar da yake nufi ita ce siririyar saƙar hannu da ake harhaɗawa ta zama riga. Abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan rana ya samo asali, kuma na rubuta shi ne don matasa, maza da mata, masu kallon finafinan tarihi suna jin sha'awar kayan da ake sawa har su ce ina ma su ne suka ɗinka.

Fara da hannunka

Babu hanyar ratse, sai ka zauna a gaban tela. Ka koyi awo da yanka, ka koyi taka keke har layinka ya miƙe, ka iya fitar da wuya da aljihu ba tare da sun tattare ba. Wannan kowane shagon kirki zai ba ka. Abin da shaguna da yawa suka daina koyarwa shi ne ɗinkin allura, kuma shi ne jarinka a wannan sana'a. Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, kuma an daɗe bayan nan kafin keke ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Duk rigar da za ta wakilci zamanin Ummarun Dallaje, wanda ya karɓi Katsina a 1807, da allura aka ɗinka irinta. Nemi masu ɗinkin hula da masu aikin babbar riga, ka riƙa zama da su ko da awa ɗaya ce bayan la'asar. Wanda ya samu halin karatu, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen da ake koyar da zanen tufafi da saƙa, tana da na wasan kwaikwayo, akwai kuma makarantar koyon aikin fim a Jos. Amma ko ka je can, ka dawo wurin tsofaffin nan.

Kafin almakashi, tambaya biyu

Idan darakta ya miƙo maka labari, kada ka tafi kasuwa. Zauna ka karanta shi sau biyu da biro a hannu, kana neman amsar abu biyu a kan kowane ɗan wasa: wace shekara ce, kuma shi wane ne a gari?

Shekara ita ke yanke maka abin da ya halatta. Kalmar "zamanin da" ta yi faɗi, ba a ɗinki da ita. Katsinar da Bature Barth ya shigo a 1851 daban take da Katsinar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya je Hajji ya kuma ziyarci Ingila. A zamanin Dikko jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, yadin kanti yana shigowa da yawa, an buɗe Kwalejin Katsina a 1922, an fara samun malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu irin tasu shiga. Launuka ma suna da shekaru. Rinin kanti na farko an gano shi a Ingila a 1856, shunin kanti kuma ya shiga kasuwa daga Jamus a 1897. Kafin su iso, abin da ido ya saba gani shi ne farin auduga, da shuɗi da baƙin baba, da ruwan ƙasa na tsamiya, da jan alharini da fatake ke kawowa ta hamada. Idan ka sa wa jarumin ƙarni na 19 riga ruwan lemo mai walƙiya, ka riga ka ƙaryata labarin tun bai buɗe baki ba.

Matsayi kuma shi ke raba mutane a cikin hoto guda. Sarki da alkyabba, hakimi da babbar riga mai aiki da rawani, malami da farar gare, dogari da ja da kore, manomi da taguwa ko 'yar shara da malfa, maharbi da warki da layu. Kuskuren da na fi gani a finafinanmu shi ne kowa ya fito fes kamar ranar Sallah, har mai kiwon doki. Naɗin rawani ma yana da ƙa'ida, ba kowa ke fitar da kunnuwa biyu ba, ba kuma kowa ke jan amawali a gaban sarki ba. Wannan a bakin mutanen fada za ka ji shi, ka je da ladabi ka tambaya.

Je ka gani da idonka

Mu a nan Allah ya hutar da mu, domin tarihin yana fitowa kan doki sau biyu a shekara. Ranar hawan Sallah ka samu wuri kusa da Ƙofar Soro tun da wuri, ka ajiye kallon sukuwa ka kalli tufafi. Dubi yadda mahayi ke naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, yadda alkyabba ke zubowa ta baya, yadda 'yan lifidi suke a cikin kayansu masu kauri da kwalkwali, da 'yan sulke. A Daura akwai hawan Magajiya da Sallar Gani. Sai dai ka yi hattara, kayan hawa na yau sun gauraya da yadin zamani, don haka fasalin za ka ɗauka, ka bar ƙyallin.

Tsohon ginin Kwalejin Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ka shiga da littafinka ka zana abin da ka gani. Gidan Arewa a Kaduna yana da tsofaffin hotuna da takardu. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya cancanci ka kalle shi kana tsayarwa kana duban sutura. Amma inda na fi ƙaruwa shi ne adakar tsofaffi. Wata gwaggona ta taɓa buɗe mani tata, ta fito da zanen saƙi na kakarta, nauyinsa kamar bargo, yana ƙanshin turaren wuta da daɗewa. Na juya bayansa na ƙirga ƙwarya-ƙwaryar da aka harhaɗa, na ga inda zaren ya yi kauri da inda ya sirance saboda kaɗin mazari ne. Ta ce, "Ka taɓa da kyau, ɗan nan, hoto ba ya gaya maka nauyi." Idan an ba ka irin wannan dama, ka wanke hannu, ka auna, ka ɗauki hoton gaba da baya da wuya, ka mayar yadda ka same shi.

Labarin da ya girmi hoto, irin na Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu, hankali ake sawa a ciki. Ka tsaya kan abin da ƙasar ke bayarwa, wato audugar da aka kaɗa da hannu, da baba, da fata, da murjani, ka rage aiki da ado. Kada ka ɗauki kayan fadar yau ka jibga wa Daurama.

Yadi, da maganar ƙwarya

A nan ya kamata ka daɗe. Masaƙin gargajiya ba ya fitar da yadi mai faɗi. Yana saƙa doguwar ƙwarya ce siririya, daga faɗin yatsa biyu zuwa tafin hannu, ta turkuɗi ma da ƙyar ta wuce yatsa guda, sannan maɗinki ya jera su gefe da gefe ya haɗe. Waɗannan layukan haɗi su ne dattijon nan ya nema a rigata ya rasa. Su ke sa riga ta zauna a jiki da nauyi, su kuma kyamara ke kamawa idan ta matso.

Ka san sunayen. Saƙi shi ne mai ɗigon shuɗi da fari kamar gashin zabo. Tsamiya ruwan ƙasa ce, daga zaren tsutsar daji. Barage yana da ratsin jan alharini. Kore ita ce rigar da aka rina ta yi baƙi aka buga ta har tana ƙyalli, haka ma rawanin ɗan Kura. Ga jarumi da duk wanda kyamara za ta zo kusa da shi, ka nemi na ainihi, ko saye ko haya, a wurin masaƙa ko a kasuwar Kurmi ta Kano. Ga taron jama'a da ke baya, kuɗi ba zai kai ba, ga dabarar: sayi farin yadin auduga zalla mai kauri, ka wanke shi sau biyu sitacin ya fita, ka tsaga shi tsawo-tsawo da faɗin yatsa huɗu, ka sake haɗewa. Aiki ne mai cin rai, amma daga nesa ba mai bambancewa. Guji yadin roba ko da an ba ka kyauta. Ba ya shan baba, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, yana kuma dafa ɗan wasa a ranar Katsina.

Yankan babbar riga ba shi da wuya. Faɗinta daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu ne idan mutum ya buɗe hannuwa, a ninka a kafaɗa, a fitar da wuya, a bar gefuna a buɗe sai can ƙasa a haɗe. Babban aljihu yana ƙirji ta hagu, a kansa aikin yake, aska biyu ko aska takwas, da tambari a dama da kuma baya. A sa shafi a ƙasa ta ciki, domin idan aka naɗe riga ko aka hau doki yana bayyana. Aikin hannu na riga guda yana iya cin watanni, saboda haka ka ba da shi tun ranar da aka amince da labari. Wando kuwa buje ne mai zariya. Inda dole sai an sa abin ɗaurewa na zamani don saurin canji, a ɓoye shi inda ido ba ya kaiwa.

Rini da tsufar da kaya

Kai yadinka marina ka ce baba kake so, ka faɗi yawan tsomawa gwargwadon duhun da kake nema. Karofin Ƙofar Mata a Kano har yau yana aiki. Rigar mai hali a kai ta mabuga ta sha bugu. Ka gaya wa ɗan wasa tun farko cewa shuni zai hau fatarsa, kuma kada mai kwalliya ta goge, haka masu sa shi suke.

Sabuwar riga a jikin talaka ƙarya ce, dole ka tsufar da ita. Jiƙa fari a ruwan ganyen shayi mai sanyi ya koma ruwan madara. Shanya a rana kwana biyu ko uku. Goge wuya da bakin aljihu da gwiwa da dutsen goge kaushi, wato wuraren da jiki ke ci. Shafa jar ƙasa a gefen ƙasa, ka kakkaɓe. Ka yi tunanin sana'ar mai rigar: maƙeri da ƙunar tartsatsi a gaba, marini da hannuwa shuɗaye, fatake da ƙurar hanya a kafaɗa. Faci kuma da allura za a yi shi, da zaren da bai yi daidai da rigar ba.

Gwaji a gaban kyamara

Kada ka yarda ranar ɗauka ta zama ranar farko da kyamara ta ga kayanka. Roƙi mai ɗaukar hoto ya ba ka rabin awa. Fari fat yana cinye fuska a rana, ƙananan ɗigon saƙi wani lokaci suna rawa a allo, yadi mai sitaci yana ƙara a makirfo. Sa ɗan wasa ya zauna, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya hau doki idan akwai hawa. Duba hannu da ƙafa da kanka, agogo da takalmin roba da ɗan kunnen kanti ta nan suke sulalowa.

Sai ka buɗe littafi. Kowace fitowa ka ɗauki hoton ɗan wasa a waya, ka rubuta lambar fitowar, da ɓangaren da jelar rawani ta faɗa, da kafaɗar da aka naɗe. Fitowa guda ana iya ɗaukar rabinta yau, rabi bayan mako biyu. Rigar da za a yi faɗa ko a zuba wa jini a cikinta ka ɗinka ta biyu. Idan an tashi aiki, ka karɓi kayanka da ƙirga, ka shanya su a inuwa su sha iska. Masu shuni ba a wanke su, a naɗe kowanne a takarda daban don kada ya ɓata fari, a rubuta sunan ɗan wasa da shekarar labarin a jiki kafin a rufe akwati.