Yadda za ka bi sawun kakanka da ya riƙe mashingan a yaƙin Turawa

Gidaje da yawa a Arewa akwai labarin wani tsoho da ya je yaƙin Bama, ana cewa shi ne mai riƙe babbar bindigar nan mai aman harsashi, amma in ka tambaya wace bataliya sai kowa ya yi shiru. To ga yadda ake bin abin.

Farko dai ka nemo lambar sojansa, wallahi wannan lambar ita ce komai. Suna kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, don Turawa suna rubuta mutum ne da sunan garinsu, Audu Kano ko Musa Katsina, kuma masu irin sunan sun fi a ƙirga, ga rubutun ma a karkace, Mamadu ya koma Momadu. Ka je wajen tsofaffin matan gidan, su ke ajiye kaya, a buɗe tsohuwar adaka a duba takardar sallama ko littafin fansho. Ta sojan Najeriya a yaƙin Hitila yawanci da NA take farawa.

In an samu lambar yabo ka juya ta da kyau. Na yaƙin 1914 zuwa 1918 ana buga suna da lamba da rundunar mutum a jikinsu, na yaƙi na biyu kuwa haka aka raba su ba suna, sai dai in ka ga tauraro mai ƙyallen ja da shuɗi da ruwan lemo ka san Bama ya je.

Daga nan sai bataliya. Rundunonin Afirka ta Yamma biyu suka je can, ta 81 da ta yi fama a kwarin Kaladan a 1944, da ta 82 da ta shiga Arakan, sai kuma bataliya ta 6 da 7 da 12 na sojan Najeriya da suka bi Chindit, dakarun Ingila na musamman masu kutsawa bayan abokan gaba, cikin daji. In tsohon yana yawan ambaton Myohaung ko Dalet ka rubuta, sunayen nan da muke gani a barikoki wuraren daga ne na gaske.

Da ka san bataliyar, nemi kundin da hafsoshi ke rubutawa kullum a fagen daga, yana ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew, na Bama a jerin WO 172, na yaƙin farko a WO 95. Ba kasafai suke kiran sunan ƙaramin soja ba, abin na min ciwo gaskiya, amma za ka ga ranar da suka haye kogi da inda aka girke bindigogin. Ka kula kuma, babbar mashingan ɗin nan da ake kira Vickers ba ta mutum ɗaya ba ce, ruwa ke sanyaya ta, ɗamarar harsashinta 250, wani na harbi wani na ɗura mata wasu na dakon ƙafafunta da akwatuna a ka, don haka ko a 'yan dako aka rubuta kakanka yana iya kasancewa cikin rukunin.

In bai dawo ba, sa lambar a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne, waɗanda ba a ga gawarsu ba a Bama sunansu na jikin bango a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. In ya dawo kuwa, leƙa ofishin 'yan mazan jiya na jiharku da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ka tafi da hoton takardun, asalin ka bar su gida.