Shawara kan kwashe gidan tirelan tsofaffi a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka, in dattijonku ya bar gidan tirela (gidan da ake ƙerawa a masana'anta, a jawo shi a ajiye a filin haya) don Allah ku fara nemo takardar mallakarsa, don a jihohi da yawa kamar mota ake masa rajista, babu ita babu sayarwa, ga kuɗin hayar fili yana ta taruwa duk wata. In an ƙera shi kafin Yunin 1976, lokacin da ƙa'idojin gwamnati na ƙera irin gidajen nan suka fara aiki, da wuya wani filin ya karɓe shi, yawanci sai dai rushewa.

Kayan ciki kuwa ku bi a hankali, ku zazzage kowace jaka. Mu a tsohon gwangwanin biskit muka tarar da hotunan bikin Goggo da 'yan kunnenta ƙulle a hankici, wallahi saura kaɗan su tafi bola. Kujeru masu kyau Habitat ReStore, shagon kayan gida na wata ƙungiyar agaji, na karɓa. Tukunyar gas kam kar ku jefa a shara.