Ciwon hanta nau'in E: kurakuran da na gaji da gyara wa sababbin zuwa Legas

Duk yaron da ya sauka Agege ko Alaba Rago don koyon fawa, in ka yi masa zancen ciwon hanta nau'in E, amsarsa ɗaya ce: "Ai cutar masu cin alade ce." Wannan magana ta ishe ni.

Ƙwayar cutar iri-iri ce, likitoci sun ba kowace lamba. Ta 3 da ta 4 a jikin aladu suka fi zama, na gida da na daji, su ne ke kama mutanen Turai da Japan in sun ci hantar da ba ta dahu ba. Amma ta 1 da ta 2, masu yi mana ɓarna a Afirka, ba ruwansu da dabba. Daga kashin mutum suke fita su faɗa ruwan sha. Da cutar ta ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017, wa ya ci alade a sansanin 'yan gudun hijira? To dubi inda muke kwana: damina ta sauka, kwata ta cika ta malala, rijiya ga ta ga masai, mai ruwa ya cika jarkar da cikinta ya yi kore ya turo maka har ƙofar shago. Ka sha, kana taƙamar ba ka cin haram. Ni ruwan kura sai na tafasa shi, jarkata kuwa da tsakuwa da omo nake girgije ta duk Juma'a. Ana ce mini na cika tsirfa. Na ji.

Kada kuma ka ce dabbar halal ta kuɓuta. An samu iri ta 7 a raƙuma, har ta kama wani mutum a Daular Larabawa wanda aka yi wa dashen hanta, mai yawan cin naman raƙumi da shan nononsa. A 2018 a Hong Kong aka tabbatar da ta ɓera a jikin ɗan Adam. Ɓerayen kasuwannin Legas kuwa ba sai na ba ka labari ba. Ka rufe naman da zai kwana, ka wanke katako da ruwan zafi kafin ka ɗora komai da safe.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne raina ciwon shawara, alamar wannan cuta, a jikin mai juna biyu. Ƙanwata tana da tsohon ciki idonta ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayin da ba madara, ko ƙamshin miya ba ta son ji. Tsofaffin gida suka ce, "Shawara ce, a ba ta jiƙo." Aka yi ta ɗura mata saiwoyi, aka haɗa da farasitamol na kemis, hantar da ta riga ta gaji aka ƙara mata kaya. Sai da ta fara sambatu aka nemi mota. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jaririn bai zo da rai ba. Namiji mai ƙarfi yakan warke da kansa cikin 'yan makonni, shi ya sa ake raina cutar. Ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya kashe 20 zuwa 25 cikin ɗari. Haba jama'a! Kuɗin gwajin jini ya kai kuɗin ragon suna? Ranar da ka ga idon matarka ya sauya, ranar za ka kai ta asibiti, ko surukarka ta yi fushi.

Akwai masu cewa an yi musu allurar ciwon hanta. Ta nau'in B ce, ba ta kare ka daga E. Ita E rigakafinta a Sin aka amince da shi a 2011, kuma ba ya cikin allurorin da ake yi wa yaranmu.

Ka daina zargin abincin da ka ci jiya. Cutar takan kwanta a jiki mako 2 zuwa 10 kafin ta bayyana.

Masu tsire, hanta mai ja a tsakiya ba gwaninta ba ce. Ni sai na tsaga na ga ba jini nake sauke ta, ko mai saye yana gaggawa. Wuƙar da ta fasa tumbi da hanji kuma ba ta taɓa gasasshen nama a teburina sai ta sha sabulu, hannun yaron da ya riƙe ta ma haka.