Darasi na 7: Ciwon Kan da Ke Zuwa Farat Ɗaya

Babu wanda bai san ciwon kai ba. Akwai na zazzaɓin cizon sauro, da na zafin rana, da na rashin barci. Duk waɗannan a hankali suke shigowa, mutum yana jin tahowarsu tun kafin su kwantar da shi.

Wanda za mu karanta yau daban yake. Mutum yana zaune lafiya lau, sai kai ya sara, kafin minti 1 ya cika ciwon ya kai maƙura. Waɗanda ya taɓa kamawa sukan ce tun da uwarsu ta haife su ba su taɓa jin irinsa ba. Wani yakan yi amai, wani ya kasa kallon haske, wani ya dafe ƙeya yana salati. Likitoci sun fi kula da saurin zuwan nan fiye da zafin ciwon, don haka tambayar farko da za su yi ita ce: a hankali ya fara, ko lokaci guda?

Abin da ke faruwa a cikin kai

Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna da tsoka a jikinsu. Tsokar ce ke sa su buɗe ko su tsuke gwargwadon bukata. Wani lokaci wannan tsari yakan rikice, jijiya ta tsuke a nan, ta buɗe a can, ta sake tsukewa a gaba. Idan aka ɗauki hotonta sai a gan ta kamar carbi, ƙulli bayan ƙulli. Likitoci suna taƙaita sunan cutar na Turanci da haruffa huɗu, RCVS, wato tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa mai saki daga baya. Wasu likitoci biyu a Amurka, Call da Fleming, su da abokan aikinsu, sun yi bayaninta a 1988, a 2007 kuma aka tsayar mata da sunan da take amsawa yanzu.

Ba cutar tsofaffi ba ce. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 50, kuma ta fi yawa a mata.

Ga inda take yaudarar mutane. Ciwon yakan yi sa'a ɗaya zuwa uku ya lafa. Sai mai shi ya ce ai ya wuce, ya hau babur ya koma kasuwar Sabon Gari. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya dawo, ya sake lafawa, haka ake yi har mako ɗaya ko biyu. Alhali jijiyoyin ba su saki ba, tsukewar ma takan fi tsanani a mako na biyu zuwa na uku, lokacin da kai ya fara yin sauƙi. A cikin waɗannan makonni, tun daga na farko, wasu ke samun zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko jijjiga, ko shanyewar ɓarin jiki. Yawancin masu ita dai suna warkewa sarai, jijiyoyin sukan koma yadda suke cikin wata 3.

Me ke jawo ta

Manyan dalilai biyu ne aka fi sani. Na farko jego, musamman makonnin farko bayan haihuwa, balle ga matar da ta yi hawan jini da ciki. Na biyu magunguna da kayan maye masu tsuke jijiya: wiwi, hodar iblis, wasu magungunan ciwon damuwa, maganin ciwon ɓarin kai mai ergotamine, da maganin mura mai buɗe hanci wanda ke da sinadarin pseudoephedrine.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Da hunturu ya shigo, sai ka ga an tura yaro kemis da kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce a ba shi na mura, a yanko masa ƙwaya huɗu ba kwali ba takarda. A ƙarshen 2023 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ja kunne cewa mai hawan jini mai tsanani, ko mai ciwon ƙoda mai tsanani, kada ya sha wannan sinadari.

Shi kansa saran kan, abubuwa ne na yau da kullum ke tayar da shi: yunƙuri a bayan gida, tari, ɗaukar kaya mai nauyi, fushi, wanka, da saduwar iyali. Kada kunya ta hana ku faɗa wa likita ko likitar mata ainihin abin da kuke yi lokacin da ya zo.

Karatu

Wata maijego ce a Tudun Wada, kwana 6 da haihuwa, gobe suna. Ta fito daga wanka sai ta dafe kai ta durƙushe a bakin ƙofa.

"Inna, kaina! Kamar zai tsage!"

Uwar mijinta ta ce, "Sannu 'yar nan, iska ce ta buge ki. Bari a kawo turare a yi miki tofi."

Ƙanwar mijin, wadda ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, ta durƙusa kusa da ita. "Anti, a hankali ya fara miki, ko lokaci guda?"

"Lokaci guda, wallahi."

"Inna, ku yi haƙuri, wannan na asibiti ne. Mu tafi, a yi mata addu'ar a hanya. Bari in kira Yaya ya samo mota."

Ta tattara katin awo da duk magungunan da ke kan taga ta zuba a leda, har da ƙullin da wata maƙwabciya ta kawo.

Wankan jego da kunun kanwa al'ada ce mai tushe a ƙasar Zazzau. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura cewa yawan kanwa da tsananin zafi suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego a wannan yanki. Kanwa gishiri ce, tana iya ɗaga hawan jini. Maijegon da kanta ya sara haka, a dakatar mata da duka biyun sai likita ya gan ta.

A asibiti

Ba mai iya gane wannan cuta da ido, ko da likita ne. Fashewar jijiya a cikin kai ma haka take farawa, kuma tana iya kisa a ranar. Sanƙarau, wanda muka sani a watannin zafi, shi ma yana zuwa da ciwon kai mai tsanani, tare da zazzaɓi da sandarewar wuya. Saboda haka a tafi a ranar, ko da ciwon ya lafa. Idan Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ne kusa, a fara da nan. Idan aka ce a wuce asibitin koyarwa da ke Shika, a wuce, kada a koma gida shawara. Mara lafiya kada ya tuƙa kansa.

Za a auna jini, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI, wani lokaci a ɗebi ruwan ƙashin baya. Hoton farko yana iya fitowa babu komai, don tsukewar ba ta cika nunawa a makon farko ba. In likita ya ce a dawo a sake, ba neman kuɗi yake yi ba.

Maganin ya haɗa da daina duk abin da ya jawo ta, da hutu na wasu makonni ba aikin ƙarfi. Likita yakan ba da ƙwaya irin su nimodipine. A gida kada a ba da asfirin ko haɗin kemis kafin a yi hoto, domin in jini ne ke zuba, asfirin ƙara shi zai yi. Idan baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi, ko gani ya dushe, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Aiki

Ku amsa da baki: wace tambaya ƙanwar mijin ta yi wa maijego, kuma me ya sa ta kwashi magungunan da ke kan taga?

Ku rubuta wannan jimla sau 3 a littafinku: Kaina ya sara lokaci guda da ƙarfe 4 na yamma.

Ku kwafi kalmar pseudoephedrine harafi bayan harafi. In kun koma gida ku duba kwalayen maganin mura da kuke da su, wanda kuka ga kalmar a jikinsa ku zo da shi aji mako mai zuwa.