Ga ɗaliban da babu mai turo musu ko sisi

'Yan'uwa, musamman ku da kuka baro ƙauye, don Allah kada ku kulle kanku a ɗaki. Ina aji biyu kunyar babu ta sa na daina shiga lacca, sai garin kwaki da tunani har asuba. Haɗa tukunya da mutum uku ne ya cece ni: wannan ya kawo shinkafa, wancan manja, in mun ci sai mu zauna bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Ku nemi bashin karatu na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, babu kuɗin ruwa, kuma akwai naira 20,000 duk wata na kashewa. Idan damuwa ta fara hana ku barci, ku samu malamin da ke kula da ajinku tun jarrabawa ba ta matso ba.