Yadda na shawo kan cizon haƙora cikin barci

Kullum in tashi muƙamuƙi na ciwo, maiɗakina kuma ta ce ƙarar haƙorana na hana ta barci. Aka ce tsutsar ciki ce, na sha magani, shiru.

Wani likitan haƙori a nan Damagaram ya ga sun fara cinyewa, ya ce yawan damuwa ne. Ya ɗauki siffar haƙoran sama, aka yi mini roba daidai bakina. Sai na goge baki nake sa ta in kwanta. Da safe in wanke ta da ruwan sanyi, don na zafi lanƙwasa ta yake, in shanya a inuwa. Shayin bayan isha'i ma na bari.

Robar ba ta hana cizon, haƙoran take karewa, amma ciwon ya lafa. Alhamdu lillahi.